Jar Motar Husaini Na'ibi

A shekara ta dubu da ɗari uku da tamanin da bakwai bayan Hijira, akwai wani mutum a unguwar Karantina ta Jidda mai suna Husaini Na'ibi, wanda Allah ya hore wa ƙaton ciki da babbar murya, ya kuma rage masa abin da ake auna magana da shi kafin a furta ta. Shekara ashirin da uku ya yi yana aiki a wani kamfanin Turawa da ke tashar jiragen ruwa, a sashen 'yan kwana-kwana. Wannan gaskiya ce, ba mai musun ta. Abin da ba ya so a ambata shi ne irin aikin, domin shi ne mai buɗe ƙofar gareji idan mota za ta fita, shi ne kuma mai rufewa idan ta dawo. Amma duk wanda ya ji shi yana ba da labari zai rantse ba a taɓa kashe wata wuta tsakanin Jidda da Yanbu ba sai da hannunsa a ciki.

Da kamfanin ya tashi sallamarsa, aka ce ya zaɓi agogon bango ko bargo. Ya ce ba ya bukatar ko ɗaya, a ba shi tsohuwar motar kashe gobarar da ta shekara goma sha biyar yashe a bayan gareji, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Baturen ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce ya ɗauka. Aka ɗaura mata igiya, jakuna shida suka ja ta, ta bi lungun da ya taso daga filin unguwa zuwa gidansa, ta wuce lafiya lau har da sauran wurin da mutum zai raɓa. Aka ɗage shingen langa-langa, aka shigar da ita tsakar gida, aka mayar da shinge.

Shekara uku Husaini ya kwashe yana yi mata hidimar da bai taɓa yi wa mahaluki ba. Ya shafe ta da jan fenti har shafi bakwai. Ya goge ƙararrawarta ta tagulla da tsamiya da toka har mutum na ganin haƙoransa a jiki. Mesar ruwa, wadda ɓeraye suka yi wa kaca-kaca, ya kai wa tela ya ɗinke ta da zare, sannan ya bi ɗinkin da fenti don kada a gani. Matarsa Luba ta nemi mayafinta na zuwa biki ta rasa, sai ta iske shi a hannunsa yana goge fitila da shi. Kowace Juma'a yakan buɗe ƙofa jama'a su shigo kallo, amma sai an tuɓe takalmi, ba a taɓawa, ba a kuma yin tari kusa da fenti. Zai tayar da inji ya yi ruri, ya kaɗa ƙararrawa, ya kashe. Tayar motar dai ba ta taɓa juyawa ba.

Duk wannan wahala saboda abu guda ce. A bakin filin unguwa akwai mirkaz, wato dogon gadon katako mai tudu da darduma da matasai da rumfa, inda dattijon unguwa, Shaihu Abdulwahid, ke zama da la'asar tare da mutum huɗu da ya yarda da hankalinsu. Sauran jama'a a ƙasa suke, kan tabarma. Shekara ashirin Husaini yana kan tabarmar nan yana ɗaga wuya, kuma ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa motar ce za ta hau da shi.

Wata la'asar cikin Sha'aban ana zancen wani ma'ajin katako da ya ƙone a unguwar Khumra, sai Husaini ya yi gyaran murya.

“Da ina wurin, da ko tsinke bai ƙone ba.”

Akwai wani bakanike a wurin, Usman Bawa, Bahaushen Sudan, wanda Husaini bai taɓa bari ya taɓa motar ba. Yakan kira Husaini Ammi, wato Baffa da Larabcin garin. Ya ce, “Ƙwarai kuwa, ya Ammi. Da kana wurin da an sami mai buɗe musu ƙofa.”

“Kai Usman, ranar da na kashe gobarar jirgin auduga kana can garinku Madani kana tsotson yatsa.”

“Labarin ya iso mu har can. An ce da hannu ɗaya ka riƙe ƙofar.”

Aka bushe da dariya. Shaihu Abdulwahid ya ɗaga hannu, ya dubi Husaini, wanda ake yi wa alkunya da Abu Othman.

“Halas, ya isa. Ya Abu Othman, shekara uku ƙararrawarka na hana mu ƙailula, ba mu taɓa ganin motar a waje ba. Kashegarin Sallah, bayan la'asar, ka kawo ta filin nan ka kashe wuta a gaban jama'a. In ka kashe, ga wuri nan dama da ni, ka hau, mu kira ka Ra'is, wato shugaba. In ka kasa, ko tabarmar nan ba ka sake zama a kanta. Ka yarda?”

“Allah ya ja kwananka, ya Shaikh, a ƙara matashi ɗaya tun yanzu. Bayana ba ya son katako.”

Da aka watse Usman ya bi shi, don duk da bakinsa ba mugu ba ne. Ya ce, “Ya Ammi, ka auna lungun?”

“Na auna da ido. Ta nan ta shigo.”

“Ta shigo, amma Hajji uku aka yi tun daga nan.”

“Me ya haɗa Hajji da injiniyanci? Je ka gyara keke.”

Abin da Usman ke nufi kuwa kowane ɗan Karantina ya san shi. Duk shekara idan 'yan'uwa sun iso aikin Hajji daga gida, maigida ba ya cewa babu wuri. Sai ya sami akwatunan katako da langa-langa ya tura bangonsa kamu ɗaya ko biyu cikin lungu, ya fitar da ɗakin baƙi. In an gama Hajji wasu baƙin su tafi, wasu su zauna, ɗaki dai ba ya tafiya. Husaini yana bin lungun nan sau goma a wuni, har ya kai yana karkata kafaɗa a wani wuri, amma ya ɗora laifin a kan girman da yake ganin Allah ya ƙara masa.

Cikin azumi ya gina abin da za a ƙona: wata bukka ta akwatuna, ya cusa mata tsummoki da busasshiyar kaba, ya yi mata wanka da kananzir, ya kafa ta taku goma daga mirkaz. Aka ce ya matsar da ita nesa, ya ce idon Shaihu ya yi rauni, ba ya so wani abu ya wuce shi. Ya sami Salihu mai shayi ya damƙa masa ashana, ya ce da zarar ya ji ƙararrawa ya kunna, kada ya jira kowa, kada ya saurari kowa.

Saura ruwa. Tankin motar garwa ɗari biyu yake ci, ruwa kuwa a Karantina ba abin wasa ba ne, sai masu ruwa sun kawo a kan jaki, su ma sun tafi hutun Sallah ba za su fito ba sai rana ta uku. Saboda haka da safiyar ranar Husaini ya bi gida-gida yana neman aron ruwa. Hajiya Turai, mai sayar da soyayyiyar gyaɗa, wadda gidanta ke tsakiyar lungu, ta tare ƙofa.

“Aron ruwa, Ammi Husaini? In ka zuba wa wuta, da me za ka mayar mini? Da hayaƙi?”

“Hajiya, ilimi ne ba ki da shi. Wuta irin wannan rabin garwa ya ishe ni. Sauran don nauyi ne, mota ta zauna daram. Kafin magariba kowa ya zo da bokitinsa ya ɗebi nasa.”

“In randata ta kwana a bushe, wallahi a gidanka zan kwana.”

Ta bayar dai, kamar yadda kowa ya bayar, don kada a ce shi ya hana a yi kallo. Kafin azahar babu randar da ke da ɗigo a lungun nan da lunguna biyu na kusa. Luba ta leƙa tata ta ga ƙasa.

“Abu Othman, har da na girki?”

“Yau ba ranar girki ba ce, ranar tarihi ce.”

“To in ka dawo sai in zuba maka tarihin a akushi.”

Bayan la'asar fili ya cika. Maza cikin fararen riguna na Sallah, mata sun yi jere a gefe, Shaihu da mutanensa huɗu sun harɗe a kan mirkaz, ga ƙarin matashi an ajiye dama da shi. A can cikin gida Husaini ya fito da hular tagulla da rigar kakin da ta daina haɗuwa a cibiya tun shekara goma da suka wuce. Aka ɗage shinge. Ƙarti huɗu suka yi ta murɗa ƙarfen gaba har inji ya kama. Ya hau, ya cusa cikinsa bayan sitiyari, ya dubi sama kamar mai jiran a ɗauki hotonsa.

A nan ya kamata a bayyana wani abu da shi kansa bai ɗauke shi da muhimmanci ba: Husaini bai taɓa tuƙa ko amalanke ba. Ya dai ga direbobi suna wucewa ta gabansa shekara ashirin da uku, a ganinsa kuwa wannan ya fi makaranta.

Ya kama giya ya ja. Mota ta yi baya da ƙarfi, ta bi ta kan murhu, ta tattake randar Luba, ta jingina da bangon bayan gida.

“Gaba ake zuwa, Abu Othman!” in ji Luba. “Wutar tana gaba!”

“Na sani! Gwada burki nake yi.”

Ya sake ja, mota ta yi tari, ta yi tsalle, ta fita ƙofa ta miƙe cikin lungu. Da Husaini ya ji abin yana tafiya da shi, kuma shi ne a sama, sai murna ta ɗebe shi, ya cafki igiyar ƙararrawa ya kaɗa da iyakar ƙarfinsa, alhali ko filin bai hango ba. A can Salihu mai shayi ya ji, ya ce bismillah, ya ƙyasta ashana.

Taku ashirin na farko an yi su lafiya, in ban da igiyar shanya biyu da suka bi motar. Daga nan lungu ya fara matsewa. Madubi ya tafi. Fitilar hagu ta tafi. Tsanin da ke rataye a gefe ya saƙale bangon ɗakin baƙin Hajiya Turai, ya ɓare shi ɗungurum kamar ɓawon gyaɗa, sai ga kawunta, wani tsoho da ya zo Hajji bara waccan bai koma ba, zaune kan buzu da kwanon tuwo a gabansa. Tsohon ya dubi jar motar da ta shigo masa ɗaki, ya dubi mai hular tagulla, ya ce, “Wa alaikumus salam. Bismillah, ga tuwo.”

Mota ta ƙara kamu ɗaya ta cije tsakanin gida biyu. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Wani katako ya faɗo ya tokare Husaini a kan kujera, ciki a gaba, katako a baya.

Usman ya sheƙo daga fili yana haki.

“Ya Ammi, wuta ta kama, iskar teku na kaɗa ta wajen rumfa! Yalla, yi sauri!”

“A ce mata ta dakata!”

“A ce wa wa?”

“A ce wa Salihu ya kashe, ban shirya ba!”

“Da me zai kashe? Ruwan unguwa duk yana ƙarƙashinka.”

“To a ja mesa! Me kuke jira? Mutanen da ba su san aiki ba!”

Aka ja mesa. Tsawonta taku talatin, tsakanin motar da wuta kuwa taku saba'in. Husaini ya ce ba komai, ƙarfin famfo zai cike sauran, ya miƙa hannu ya murɗa. Mesa ta kumbura, ta yi miƙa kamar mai tashi daga barci, sannan ɗinkin tela ya fara magana. Ruwa ya tsarto ta wuri arba'in, sama da ƙasa da gefe, ya jiƙe duk wanda ke riƙe da ita, ya cika kwanon tsoho, ya bi ta ƙarƙashin buhunan gyaɗar Hajiya Turai. Ta bakin mesa kuwa, inda ake bukata, abin da ya fito bai isa wanke hannu ba.

Hajiya Turai ta fito da ludayi a hannu.

“Husaini! Allah ya isa tsakanina da kai! Bangona! Gyaɗata! Kawu, tashi, za ka nutse!”

“Hajiya, ki yi magana da ladabi, ina bakin aiki.”

“Bakin aiki? Kana bakin ɗakina dai, kai da wannan jar annoba!”

A fili kuwa al'amari ya wuce kallo. Harshen wuta ya lashi rumfar mirkaz, rumfa ta kama, ta zubo kan matasai. Shaihu Abdulwahid, wanda aka shekara goma ba a ga ya yi sauri ba, ya diro ba takalmi, mutanensa huɗu na binsa. Aka ruga gidaje neman ruwa, kowace randa ta amsa da ƙarar wofi. Mutanen cikin lungu suka taso taimako suka iske mota ta toshe hanya, ba wurin da ko kyanwa za ta bi. Maza suka tuɓe rigunan Sallah suna dukan wuta, wasu na watsa yashi da tafin hannu.

Luba ce ta fara tara kwano a ƙarƙashin wata ɓula ta mesa. Sauran mata suka gani, kowace ta kama ɓula guda, da tasa, da tukunya, da kwaryar awo. Suka jeru, ana miƙa ruwa hannu da hannu ta saman motar, ta saman hular Husaini, har fili. Shi kuwa yana maƙale yana ba da umarni.

“Hagu! A kewaye ta hagu! Ke mai tasa, gyara tsayuwa! Haka muka yi a jirgin auduga!”

“Sunkuyar da kai, kana tare hanya,” in ji Luba, ta ƙwala masa gindin tukunya a hula.

Kafin rana ta faɗi wuta ta mutu. Bukka ta zama toka, rumfa ta zama toka, mirkaz ɗin da aka gada tun zamanin mahaifin Shaihu ya saura ƙafa uku da garwashi. Sai da Usman ya kawo zarto ya yanke katako sannan aka zaro Husaini, aka gangaro da shi ta kan hancin motar. Da wani mai kunya ne, da ya bi ta baya ya shige gida. Husaini gyara hula ya yi, ya ja rigar kaki, ya tako har tsakiyar fili inda jama'a ke tsaye baƙi ƙirin da hayaƙi, ya ɗaga hannu.

“Alhamdu lillahi. Jama'a shaida ne, wuta ta mutu. Kuma da ruwan motata ta mutu.”

Wani ya fara laluben dutse, aka riƙe shi.

Shaihu Abdulwahid ya dube shi tun daga hula har ƙafa, gefen gemunsa ya babbake, ƙafarsa a cikin toka. Ya yi magana a hankali.

“Gaskiya ka faɗa, ya Abu Othman. Ni kuwa ba na saɓa alkawari. Ga wurin nan, dama da inda nake zama.” Ya nuna tudun garwashi da ke ta hayaƙi. “Tafaddal, hau.”

“Yalla ya Ra'is, hau!” in ji jama'a baki ɗaya. “A ƙara masa matashi!”

Husaini ya dubi garwashi. Ya matsa taku ɗaya, zafi ya bugi ƙaurinsa, ya ja da baya.

“Allah ya ja kwananka, gwiwata ta ɗan riƙe saboda aiki. Zan tsaya tukuna.”

“To tsaya. Daga yau duk ranar da ka zo wurin nan a tsaye za ka zo, a tsaye za ka koma. Lungun mutane kuma ka buɗe shi.”

“Ya Shaikh, ai ba ta gaba, ba ta baya.”

Usman ya zaro sifana daga aljihu ya ɗora masa a tafin hannu.

“Tana sama, ya Ammi. Noti ɗaya-ɗaya, a ka.”

Daga cikin lungu muryar Hajiya Turai ta taso, har masu shago a bakin titi suka ji.

“Ra'is! Zo ka kwashe motarka daga ɗakin kawuna, ya ce zai kishingiɗa!”

Kwana arba'in Husaini Na'ibi ya yi yana kwance motar, mutanen lungu na tsallake shi da safe da yamma, tsohon na zaune a kan buzu yana nuna masa notin da ya manta. Kafin ya gama an ƙera sabon mirkaz. Kowace la'asar sai ya ratso fili da wani jan ƙarfe a ka, ya ja birki a gaban dattawa, gumi na zuba, ya yi musu bayani dalla-dalla cewa motar ba ta da laifi, direba ba shi da laifi, lungun ne aka gina ba bisa ilimi ba. Sukan bar shi ya kai aya, Salihu ya zagaya da shayi ya tsallake shi, ba kuwa wanda ya taɓa ce masa zauna.